Kasuwannin Kirsimeti: Abin da Na Gani Daga Dresden Zuwa Strasbourg

A tsakiyar watan Disamba rana takan faɗi a gabashin Jamus tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, ba ta sake fitowa sai kusan ƙarfe takwas na safe, kuma ko a 'yan sa'o'in da take sama, sau da yawa gajimare ne yake lulluɓe ta. A cikin wannan duhu da sanyi mai ratsa ƙashi ne mutanen ƙasar suke fitowa dandali su kafa rumfunan katako, su kunna fitilu, su ci kasuwar da suka gada tun kaka da kakanni. Na je ƙasar ne ziyara wurin kawuna, wanda ya daɗe yana aiki a can, kuma da yake ya san ni da son tarihin kasuwanni tun ina yaro, shi ne ya ba ni shawarar in bi waɗannan kasuwanni ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mu fara da ta Dresden, babban birnin jihar Saxony, domin a nan ne labarin yake da takardar shaida.

Mun isa dandalin Altmarkt, tsohon filin kasuwar birnin, bayan magariba. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wata hasumiyar katako mai hawa-hawa wadda tsawonta ya haura mita 14, kowane hawa yana ɗauke da mutum-mutumi da suke zagayawa a hankali, a can ƙololuwarta kuma akwai fukafukai masu juyawa. Kewaye da ita rumfuna ne fiye da 200, an yi wa rufinsu ado da ɗanyun rassan itacen fir, iska kuma cike take da ƙamshin kirfa da kanumfari da na sukarin da ake soya almon a cikinsa. Jama'a sun cika wurin ba masaka tsinke, amma babu hayaniyar ciniki, domin kowane kaya da farashinsa a rubuce, mai saye ba ya tayawa, mai sayarwa kuma ba ya cewa albarka. Mafi yawan mutanen ma ba sayayya ce ta kawo su ba. Suna tsaye ne rukuni-rukuni, kowa ya dunƙule hannuwansa a jikin kofi mai zafi, ana hira tururi yana fita daga bakuna.

Wannan kasuwa, wadda ake kira Striezelmarkt, ba da irin wannan ƙawa ta fara ba. A shekarar 1434 mai mulkin Saxony, Friedrich na Biyu, tare da ɗan'uwansa Sigismund, suka ba mutanen Dresden izinin cin kasuwa ta yini ɗaya tak gab da Kirsimeti, kuma nama ne abin da aka yi izinin dominsa. Kiristocin wancan zamani sukan kame bakinsu daga nama da man shanu a makonnin da suke gabatar bikin, don haka idan kamun ya zo ƙarshe kowane gida yana bukatar abin sawa a tukunya, sai aka buɗe ƙofa ga mahauta su kawo hajarsu dandali. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar garinsu ranar jajibirin sallah, ya ga yadda ake turereniya a layin mahauta da na masu kayan miya, ya riga ya san yanayin da wannan kasuwa take ciki a ƙarninta na farko. Bukatar ciki ce ta haife ta, sannan daga baya masu burodi da maƙera da masu tukwane da masassaƙa suka biyo sawu, yini ɗaya ya zama kwanaki, kwanaki suka zama makonni.

Dresden ba ita kaɗai take ikirarin tsufa ba. Mutanen Viyana a Ostiriya suna kafa hujja da izinin kasuwar Disamba da aka ba su a ƙarshen ƙarni na 13, Munich tana da ambaton kasuwar Waliyyi Nikolas a 1310, Bautzen tana da izinin kasuwar nama daga Sarki Wenzel a 1384, Frankfurt kuma tana da rubutun 1393. Na karanta waɗannan hujjoji, kuma a ganina gardamar ba ta da wani amfani sosai, domin dukkansu kasuwannin hunturu ne na yau da kullum, inda talaka yake tanadin abin da zai fitar da shi sanyi. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta yi kama da abin da baƙo yake gani a yau.

Abincin da kasuwar Dresden ta yi suna da shi wani burodi ne mai nauyi da ake kira Stollen, wanda ake cusa wa zabibi da almon da ɓawon lemo, a shafe shi da man shanu, a lulluɓe shi da garin sukari fari fat. A farkon lamari gari ne kawai da ruwa da yis da man girki, saboda dokar kamun baki ta hana man shanu. Sarakunan Saxony suka kai kuka ga Paparoma, aka ƙi amsa musu, sai a 1491 Paparoma Innocent na Takwas ya aiko da wasiƙar da ta halasta amfani da man shanu, bisa sharaɗin biyan wani kuɗi da aka zuba a ginin majami'a. A 1730 kuma Sarki August, wanda ake wa laƙabi da Mai Ƙarfi, ya sa aka gasa masa guda ɗaya mai nauyin tan 1.8 domin wani gagarumin bikin nuna ƙarfin soja. Da na tambayi mai rumfar abin da ke cikin nata, ta gaya mini gaskiya cewa an jiƙa zabibin a barasa, don haka na haƙura da shi. Haka nan ban kusanci giyar inabi mai zafi da ake dafawa da kayan ƙamshi ba, wadda ita ce abin shan da ya fi tashe a duk waɗannan kasuwanni. Kawu ya saya mini ruwan 'ya'yan itace mai zafi da ake yi domin yara da waɗanda ba sa shan barasa, a cikin kofin tangaran da ake ba da jinginar kuɗi a kansa, idan ka mayar a mayar maka.

A wata ƙaramar rumfa ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a Dresden. 'Yar tsana ce da tsawonta bai wuce tafin hannu ba, an jera busassun 'ya'yan itace baƙaƙe a jikin tsinken katako sun zama ƙafafu da hannuwa da gangar jiki, an ɗora mata kan takarda da doguwar hula baƙa, an rataya mata ɗan tsani a kafaɗa. Ana kiran ta Pflaumentoffel, kuma a yau alamar sa'a ce da ake kai wa 'yan'uwa tsaraba. Amma siffar da take ɗauke da ita ta yaran nan ce, yawancinsu marayu, waɗanda a ƙarnonin baya ake tura su cikin bututun hayaƙin gidaje su kankare baƙin toka, saboda jikinsu ne kaɗai zai iya shiga. A ƙarni na 19 kuma 'ya'yan talakawa ne suke haɗa waɗannan 'yan tsana a gida, su rataya faranti a wuya su yi ta yawon talla cikin dusar ƙanƙara, har zuwa 1910 da hukuma ta hana tallar yara a kasuwar. Na daɗe ina juya ta a hannuna. Na ce, "Kawu, masu sayen nan kuwa sun san labarinta?" Ya ce, "Ɗana, waɗansu sun sani, amma mai biki ba ya son a tuna masa da yunwa."

Daga Dresden muka hau zuwa tsaunukan Erzgebirge da ke kan iyaka da Jamhuriyar Cek, domin asalin kayan katakon da ke cikin rumfunan daga can yake. Ƙauyen Seiffen yana cikin kwari, da 'yar majami'arsa mai kusurwa takwas wadda aka kammala a 1779, kuma kusan kowane titi akwai shagon sassaƙa. Mutanen yankin asalinsu mahaƙa ne. Sun shafe ƙarnoni suna tono azurfa da kuza, da arzikin ƙarƙashin ƙasa ya fara janyewa kuma sai suka koma ga abin da ya rage musu, wato itacen daji da basirar hannu. Mahaƙi a lokacin hunturu yakan shiga rami kafin gari ya waye, ya fito bayan duhu ya yi, yana iya yin makonni bai ga rana ba, shi ya sa kusan duk abin da suka ƙirƙira yana da alaƙa da haske. Akwai bakan kyandir da ake ajiyewa a taga, akwai hasumiyar da zafin kyandir yake juya fukafukanta, wadda ita ce uwar katafariyar da na gani a Altmarkt. Akwai kuma mutum-mutumin fasa ƙwaya mai zare ido da manyan haƙora, wanda da gangan suke sassaƙa shi da siffar sarki ko soja ko ɗan sanda, domin a kan teburin talaka mai mulki ne zai yi aikin wahala.

A wani shago na tsaya na kalli wani dattijo yana wata sana'a da aka san Seiffen da ita tun wajen 1800. Ya ɗora faifan ɗanyen itace mai laima a kan injin juyi, ya riƙa danna masa ƙarafan sassaƙa iri-iri, ɓawon katako yana tashi dogo-dogo yana sauka a kafaɗunsa. Ni dai ban ga komai ba sai zobe mai kwaruruka da tudu-tudu, shi ma kansa ba ya iya ganin siffar da yake fitarwa, da yatsunsa da ƙwaƙwalwarsa yake auna ta. Da ya gama ya cire zoben, ya ɗora wuƙa ya buga da guduma ya tsaga shi, sai ga siffar doki ta bayyana a bakin tsagar, da kunnuwa da wuya da ƙafafu. Daga zobe ɗaya yakan yanka dawakai da dama, sannan a bi su da wuƙa a gyara, a yi musu fenti. Talauci ne ya koya musu wannan dabara, domin dillalai suna sayen kayan wasan yara da arha ƙwarai, kuma iyali ba za su ci abinci ba sai sun fitar da su da yawa, uba yana juyi, uwa da yara suna fenti. Dattijon ya gaya mana, kawu yana fassara mini, cewa masu iya wannan aiki a yau 'yan ƙalilan ne, kuma kwaikwayon da ake yi a masana'antun ƙasashen waje ya cika rumfuna da rahusa, abin da ya sa masu sana'ar yankin suke manna tambarinsu a jikin kayansu. A ganina idan akwai wani abu da ya cancanci a kira shi gado a cikin wannan harka baki ɗaya, to hannun wannan dattijo ne.

Nuremberg, a jihar Bavariya, ita ce ta fi koya mini yadda al'ada take sauya riga. Kasuwarta tana cikin dandalin Hauptmarkt, rumfunanta fiye da 150 duk rufinsu na yadi ne mai ratsin ja da fari, kuma kimanin mutum miliyan 2 ne suke ziyartarta a shekara. Hukumar birnin tana da tsauri, ba a yarda da adon ganyen roba ba, ba a yarda da lilon wasa irin na filin shaƙatawa a cikin babban dandalin ba, ba a kuma yarda a riƙa sakin kiɗa ta lasifika ba dare ba rana. A nan ne ake sayar da wainar zuma da kayan ƙamshi da ake kira Lebkuchen, kuma ba banza ta fito daga wannan birni ba, domin dazuzzukan da ke kewaye da shi sun shahara da kiwon zuma, fataken birnin kuma suna kan hanyar da kirfa da citta da kanumfari suke bi daga Venis zuwa arewa. Mafi daraja a cikinta ita ce wadda aƙalla kashi 25 cikin 100 nata ƙwayoyi ne irin su almon, garin alkama kuma bai wuce kashi 10 ba.

Hujja mafi daɗewa a kan wannan kasuwa wani ƙaramin akwatin katako ne da ke gidan tarihin birnin, wanda aka rubuta a gindinsa cewa an aike da shi kyauta a lokacin kasuwar a 1628. Wannan ya zo ne bayan wani sauyi babba. Kafin zamanin Martin Luther, malamin Kirista Bajamushe da ya ɓalle daga ikon Paparoma, yara sukan sami kyautarsu ranar 6 ga Disamba da sunan Waliyyi Nikolas. Luther da mabiyansa ba su yarda da girmama waliyyai ba, sai suka karkatar da kyautar zuwa daren Kirsimeti, suka ce jaririn Almasihu ne yake kawo ta. Da ranar kyauta ta matsa, kasuwa ma ta matsa, kayan wasan yara da alawa suka fara ture nama da tukwane gefe. A Strasbourg abin ya fi fitowa fili, domin a 1570 wani mai wa'azi mai suna Johann Flinner ya yi huɗuba a kan kasuwar Nikolas, majalisar birnin ta soke ta, ta kafa wata a madadinta da sabon suna.

Abin da takardun talla na masu yawon buɗe ido ba su cika faɗa ba shi ne cewa a ƙarshen ƙarni na 19 waɗannan kasuwanni sun kusa mutuwa. Manyan kantuna sun bayyana da kayan masana'anta masu araha, masu hannu da shuni suka fara kallon rumfunan a matsayin matattarar talakawa da hayaniya, aka riƙa korar su daga tsakiyar birane. Ta Nuremberg an fitar da ita daga Hauptmarkt a 1898, ta yi ta gararamba daga wannan fili zuwa wancan. Waɗanda suka dawo da ita a 1933 'yan Nazi ne, domin sun ga cewa taron jama'a da fitilu da waƙoƙi abin amfani ne wajen tallata aƙidarsu ta fifikon Jamusawa, kuma a lokacin ne aka ƙirƙiro bikin buɗewa inda wata mace cikin shigar mala'ika take karanta jawabi. A Berlin ma a 1934 aka mayar da kasuwar tsakiyar birni. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da ta Nuremberg, bama-baman 2 ga Janairun 1945 suka rusa mafi yawan tsohon garin, sai a 1948 aka sake kafa rumfuna a tsakiyar kufai, da sabon jawabi da aka rubuta. Tun daga 1969, duk bayan shekara biyu ake zaɓen budurwa 'yar birnin mai shekara 16 zuwa 19 ta sa kambi da riga mai ruwan zinariya ta buɗe kasuwar daga barandar majami'ar Frauenkirche.

Na tsaya a gaban wannan majami'a na ɗaga kai ina kallon barandar. Dandalin da nake tsaye a kansa unguwar Yahudawa ce har zuwa 1349, shekarar da aka kashe ɗaruruwansu aka rushe gidajensu domin a sami filin kasuwa, majami'ar kuma an gina ta ne a inda wurin ibadarsu yake. Ban ga laifin yaran da suke tsalle suna jiran ganin mai kambin zinariya ba, amma na ga ya wajaba babba ya san ƙasar da yake takawa, ya kuma san cewa bikin da ake nuna masa a matsayin na tun fil azal bai cika shekara 100 ba.

Strasbourg, a yankin Alsas na Faransa, ita ce zangona na ƙarshe, kuma a nan ne na ga fuskar kasuwar ta wannan zamani. Tun 1992 birnin ya sa wa kansa laƙabin hedikwatar Kirsimeti, ya baza rumfuna a dandali da dama, ya kafa itacen fir mai tsawon kimanin mita 30 a dandalin Kléber. Otal-otal sun cika, harsunan da nake ji a titi sun fi ƙarfin ƙirga, kuma a rumfuna da yawa kayan iri ɗaya ne da waɗanda na baro a wasu biranen. Harkar ta zama babbar sana'a. A Jamus kaɗai ana cin irin waɗannan kasuwanni fiye da 2,500 a shekara, an kuma fitar da samfurin zuwa ƙetare, har Chicago ta Amurka take cin tata tun 1996, Birmingham ta Ingila tana da wadda ake kawowa daga Frankfurt, Sapporo ta Japan kuma tana da mai ɗauke da sunan Munich.

Kafin mu shiga tsakiyar birnin sai da muka wuce jami'an tsaro a bakin gada, sojoji kuma suna sintiri da bindigogi a tsakanin rumfuna. A Dresden da Nuremberg ma na ga tubalan kankare da shingayen ƙarfe a mashigai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 19 ga Disamban 2016 wani ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Breitscheidplatz a Berlin, mutum 13 suka mutu sakamakon harin. Ranar 11 ga Disamban 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 5 a nan Strasbourg, kuma cikin waɗanda ya kashe akwai wani Musulmi makanike ɗan asalin Afganistan, wanda ya baro ƙasarsa domin neman zaman lafiya. Ranar 20 ga Disamban 2024 aka sake afka wa kasuwar Magdeburg da mota, rayuka 6 suka salwanta. A matsayina na Musulmi, raina ya ɓaci ƙwarai da na tuna cewa maharan Berlin da Strasbourg sun fake da sunan addinina wajen zubar da jinin mutanen da suka fito da 'ya'yansu kallon fitilu, alhali kuwa babu abin da ya haɗa wannan aika-aika da abin da aka karantar da mu.

Manyan birane suna da kuɗin sayen shingaye da biyan masu gadi, kuma sun farfaɗo daga rufewar da annobar korona ta jawo a 2020 da 2021. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƙananan garuruwa, inda ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa-kai da matan majami'a da iyayen yaran makaranta suke haɗuwa su kafa 'yan rumfuna na ƙarshen mako ɗaya, su sayar da abin da suka gasa ko suka saƙa da hannunsu. Kawu ya ce a garin da yake zaune kuɗin tsaro da na lantarki da na izinin kiɗa ne yanzu suke cinye mafi yawan abin da ake tarawa, kuma kowace shekara sai masu shiryawa sun zauna sun yi lissafi kafin su yanke shawarar ko za a ci kasuwar ko ba za a ci ba.